TLC, HPLC ko GC-MS: Wanne Ya Dace da Samfurinka?

Duk shekara idan lokacin binciken kammala digiri ya zo, sai na ga ɗalibi ya shigo ɗakin gwaje-gwaje riƙe da 'yar kwalba, a cikinta wani abu kore mai duhu da danƙo, wanda ya tatso daga ganyen zogale ko darbejiya ko sabara. Bayan gaisuwa, tambayar ba ta canzawa: "Malam, ina ake yin GC-MS?" Ni kuma sai in ce masa, me kake nema a cikin kwalbar? Galibi sai a yi shiru. Ya ga sunan na'urar ne, wadda ke raba sinadaran samfur ta yi hasashen sunayensu, a aikin wanda ya gabace shi, ya kuma ji ana cewa kundin da ba ta ciki bai cika ba. Zai tara kuɗin da bai da su, ya aika samfur wani gari, bayan mako uku a turo masa jerin sunayen sinadarai talatin da shi kansa bai san ko suna cikin ganyen ba.

Wannan rubutu na irin wannan ɗalibi ne, da kuma duk wanda ke da samfur a hannu da kuɗi ƙalilan a aljihu.

Dukkan hanyoyin nan uku, TLC da HPLC da GC (wadda ake ce wa GC-MS idan an haɗa ta da sashen gane suna mai suna MS), asalinsu ɗaya ne, kuromatogirafi, wato dabarar raba sinadaran da ke gauraye. Ɗauki mutum biyu ka sa su ratsa kasuwar Kurmi daga wannan baki zuwa wancan. Ɗaya baƙo ne, ɗaya kuma haifaffen unguwar. Baƙon zai fita cikin 'yan mintuna. Ɗan garin kuwa kowace rumfa sai ya tsaya, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi jikin tsohuwa. Tare suka shiga, amma ba tare za su fita ba. Rumfunan su ne mazauni, wato abin da ke tsaye wuri guda, galibi garin silika. Abin da ke tura mutanen gaba shi ne matafiyi, ko ruwan sinadari ko iskar gas. Sinadarin da jininsa ya haɗu da mazauni zai yi jinkiri, wanda bai san kowa ba zai wuce. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara bayyana dabarar a 1903, ya raɗa mata suna a 1906, bayan ya zuba ruwan ganye a bututun gilas da aka cusa wa garin alli ya ga launuka sun rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban. Abin da ya bambanta TLC da HPLC da GC shi ne wane ne mazauni, wane ne matafiyi, da kuma irin idon da ke tsaye a bakin kasuwa yana ƙirga masu fita.

Bari in fara da wadda ake rainawa.

TLC ɗan allo ne na alminiyam ko gilas da aka shafe da silika, kaurin shafen bai wuce kwatan milimita ba. Yana zuwa da faɗin santimita 20 tsawo 20, kai ne za ka yayyanka shi ƙanana. Ka ja layi da fensir, ka ɗiga samfur da siririn bututu, ka tsayar da allon a kwalba mai murfi da ɗan ruwan sinadari a gindinta, misali haɗin hekzen da etil asitet. Ruwan zai hau kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Cikin minti goma zuwa ashirin an gama. Ka auna nisan da ɗigo ya yi, ka raba da nisan da ruwan ya yi, ka sami lambar da ake kira Rf. Ba ta neman wutar lantarki sai ta fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, ba ta neman injiniya, kuma allo guda zai ɗauki samfur biyar ko goma a jere.

Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne gani da ido. Allon da aka rubuta wa F254 yana haskaka kore a ƙarƙashin fitila mai nanomita 254, sinadaran da ke shanye hasken su fito baƙaƙe-baƙaƙe. Ka juya zuwa 365 wasu su yi ta walƙiya da kansu. Ka fesa ruwan Dragendorff, duk inda ya koma ruwan goro akwai alamar alkaloyid. Ka fesa ferik kulorayid, dangin fenol su yi shuɗi ko kore mai duhu. Ka fesa banilin da asid ɗin salfa ka gasa, dangin tafin, irin sinadaran man ƙamshi na tsirrai, su fito kala-kala. Kuma komai yana kan allon. Abin da ya ƙi tafiya yana nan kan layin fensir kana kallonsa. A HPLC ko GC, abin da ya maƙale a bututu ya ɓace maka ke nan, ba za ka ma san ya taɓa shiga ba.

Kada wani ya ce maka kayan koyo ne kawai. Akwatin gwajin nan na Minilab, da ake yawo da shi a ƙasashen Afirka da Asiya don kama jabun magunguna, TLC ne ƙashin bayansa: a ɗiga ƙwayar da ake zargi a tsakanin ɗigo biyu na maganin asali, ɗaya mai cikakken ƙarfi ɗaya mai kashi 80 cikin ɗari, a kwatanta tsayi da girma. Maganin zazzaɓin cizon sauro da babu komai cikinsa sai gari ba ya tsallake wannan. Gubar aflatoksin ta gyaɗa ma a kan allon TLC ta sami sunayenta, bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960: B1 da B2 suna haskaka shuɗi, G1 da G2 kore, haruffan farko ne na sunayen launukan a Turanci.

Iyakarta fa? Kama da wane ba wane ba ne. Sinadarai biyu mabambanta suna iya tsayawa wuri guda, don haka Rf kaɗai ba ya kafa hujja. Sai ka ɗiga sinadarin asali, wato tsantsar wanda kake zargi da aka riga aka tabbatar, a gefe, ka ɗiga gaurayensu a tsakiya, ka sake gwadawa da wani haɗin ruwa daban, sannan ka fara buɗe baki. Ba ta iya raba abubuwa hamsin a kan tafiyar santimita takwas. Wajen faɗin adadi kuwa, sai dai ta ce da yawa ko kaɗan. Sannan yanayinmu yana wasa da ita. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, daikuloromiten da ke tafasa a kusan digiri 40 yana gudu daga kwalba kafin ka rufe ta, haɗin da ka auna da safe ya zama wani abu daban da azahar. Da damina silika na shan raɓa ta yi laushi, sai ka gasa allon a digiri 105 zuwa 110 na rabin awa kafin aiki. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

Yayar TLC ita ce kwalam ta gilas, irin ta Tsvet ɗin nan. Ba ta gaya maka sunan komai, aikinta ta ba ka abu a hannu. Idan burinka ka ware sinadari guda tsantsa daga jiƙonka, nan za ka zauna: silika ninki talatin zuwa ɗari na nauyin samfur, lita-lita na ruwan sinadari, kwalabe ɗari ko fiye kana tara a jere, kowace kana duba ta da TLC. Aikin haƙuri ne na kwanaki. Wanda bai fara samun haɗin ruwan da ke ajiye abin da yake nema a Rf kusan 0.3 a kan allo ba, ya zuba samfur a kwalam, ya yi asarar silika da ruwan sinadarinsa. Kuma kada ka bari saman silika ya bushe, ko da kiran sallah aka yi. Rufe famfon tukuna.

Yanzu ga manyan biyu, inda kuɗi ke tafiya kuma inda aka fi yin kuskure.

A GC matafiyin iskar gas ce, galibi hiliyam, wani lokaci naitirojin ko haidirojin. Bututun siriri ne kamar zaren dinki, tsawonsa mita 30, faɗin cikinsa kwatan milimita, an naɗe shi a cikin tanda. Ana allurar maikirolita ɗaya na samfur a wata ƙofa mai zafin kusan digiri 250, nan take ya zama tururi, gas ya kwashe shi, tandar na ƙara zafi sannu a hankali har wajen digiri 300. A. T. James da Archer Martin suka fito da hanyar a 1952, shekarar da Martin da Richard Synge suka karɓi kyautar Nobel. Wajen rabewa babu kamarta: ɗaruruwan sinadarai a tafiya ɗaya, kowane da tudunsa siriri a takardar sakamako.

Amma karanta sharaɗin da kyau: dole abin ya iya zama tururi, kuma ya jure zafin bai ƙone ba. Nan ne gizo ke saƙa. Man kanumfari, wanda mafi yawansa yujinol ne, na GC ne. Man ƙamshin citta, na na'a-na'a, na ɓawon lemo, na turare, duk nata ne. Fetur da kananzir da giyar da ke cikin jini, nata ne. Ragowar maganin ƙwari irin daikulobos, wanda ya jawo Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, GC-MS na kama shi har ƙasa da iyakar miligiram 0.01 a kilo. Man gyaɗa da man kaɗanya ba sa shiga yadda suke, sai an fara sarrafa su da metanol an mai da asid ɗin kitsensu mai saurin tashi, sannan ta faɗa maka nawa ne oleyik nawa ne sitiyarik.

To ina jiƙon ganyen zogale na metanol? Abubuwan da ɗalibi ke alfahari da su a babi na biyu na kundinsa, su fulabonoyid masu ɗauke da sukari, tanin, saponin, ba sa zama tururi. Suna ƙonewa ne a bakin ƙofa su bar baƙin dauɗa, mai kula da na'ura ya yi ta tsaki. Abin da ke fitowa shi ne ɗan guntun da ya iya tashi: asid ɗin palmitik, faitol, linoleyik, abubuwan da kusan kowane koren ganye a duniya yake da su. Shi ya sa idan ka jera sakamakon GC-MS na tsirrai goma mabambanta za ka rantse ganye ɗaya aka aika. Azadiraktin, wanda shi ne ƙarfin 'ya'yan darbejiya a kan ƙwari, nauyin ƙwayarsa ya kai 720 kuma zafi na lalata shi, ba za ka gan shi ba ko da ya cika kwalbar. Citta ma darasi ce: ƙamshinta na GC ne, amma jinjarol mai yajin yana karyewa a zafin ƙofa ya koma wasu abubuwa, ka auna abin da na'urar ta ƙirƙira da kanta.

Akwai kuma maganar jerin sunayen da ake turowa. Sashen MS, wanda ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari, yana harbin kowace ƙwaya da lantarki mai ƙarfin 70 eV ta farfashe, kwamfuta ta ɗauki fasalin gutsattsarin ta kwatanta da taskar NIST, rumbun fasalin sanannun sinadarai, ta kawo wanda ya fi kama. Ba ta taɓa cewa ban sani ba. Ko kamar ta kai kashi 40 ne cikin ɗari sai ta ba da suna. Na taɓa karanta kundin da aka rubuta cewa wani ganye na ɗauke da sinadarin fitalet, har aka jingina masa maganin ƙwayoyin cuta, alhali daga robar da aka ajiye samfurin ya fito. Alamarsa gutsure mai lamba 149. Su silokzen kuma, masu lamba 207 da 281, ɓarɓashin rufin cikin bututun ne ko robar ƙofar allura. Ba ganye ba ne. Kafin ka karɓi suna, nemi kamar da ta haura kashi 90, nemi a yi allurar jerin alken don a lissafa lambar jinkiri ta Kovats, wato ma'aunin lokacin fitar sinadari, a kwatanta, nemi a yi allurar ruwan narkarwar zalla don ka ga abin da ke fitowa ko babu samfur. Idan sinadarin shi ne jigon bincikenka, sai da na asali.

HPLC kuwa kwalam ce da aka matse aka ba ta famfo. Bututun ƙarfe ne ɗan gajere, santimita 15 ko 25, faɗinsa milimita 4.6, cike da ƙwayoyin silika masu maikiromita 5 da aka lulluɓe da wani abu mai maiƙo da ake kira C18. Saboda ƙanƙantar ƙwayoyin, ruwa ba ya ratsawa sai da matsi mai tsanani, har zuwa bar 400 a na'urorin da aka saba. Sababbin da suka fito daga 2004 suna haura 1,000. Matafiyin haɗin ruwa ne da metanol ko asitonaitiril. Ka lura tsarin a juye yake da na allon silika: a nan mai son ruwa ne ke fara fita, mai maiƙo ya yi jinkiri.

Ba ta buƙatar zafi, don haka duk abin da ya narke tana iya ɗauka. Jan launin zoɓo, wato antosayanin, a nan ake auna shi a nanomita 520. Rutin da kwasitin na zogale, azadiraktin, jinjarol, kafin ɗin goro, bitamin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawancin ƙwayoyin da ke kantin magani, duk gidansu ke nan. Idan tambayarka "nawa ne" ce, wato miligiram nawa na farasitamol ke cikin wannan ƙwaya, HPLC ce amsa, kuma ita littattafan ƙa'idar magunguna suka fi dogara da ita. Mai son fitar da gyaɗa zuwa Turai, inda iyakar aflatoksin B1 a gyaɗar ci take maikirogiram 2 a kilo, ba zai tsaya a kan allo ba. HPLC mai idon ƙyalli yake buƙata.

Sai dai HPLC mai idon UV bebiya ce wajen suna. Abin da za ta ba ka takarda ce mai tuddai, kowane da mintin da ya fito da kuma faɗinsa. Ba taska, ba jerin sunaye. Idan ba ka da sinadarin asali da za ka yi allura ka ga ko minti ɗaya suke fita, ka kuma zana layin awo da shi, ka biya kuɗin hoton tuddai ne kawai. Kuma 'yan miligiram na sinadarin asali sukan fi kuɗin gwajin kansa tsada, ga jiran zuwansa daga waje. Tambayi wannan tun kafin ka cike takardar neman gwaji. Idonta ma yana da makanta: abin da ba ya shan hasken UV, kamar sukari, wucewa zai yi ba ta gan shi ba. LC-MS, wato HPLC da aka haɗa da MS, na warware yawancin wannan, sai dai samunta da kuɗinta wani labari ne, kuma taskarta ba ta kai ta GC-MS daidaito tsakanin na'ura da na'ura ba.

Misali guda ya haɗa duka ukun. Dayetilin gilaikol, gubar da ta kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin a 2008 zuwa 2009, ta kuma kashe kusan 70 a Gambiya a 2022, ba ta da launi, ba ta shan UV. HPLC ta yau da kullum, duk tsadarta, makauniya ce a gabanta. GC ce ke auna ta da kyau domin tana tashi ba tare da ta lalace ba. Hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar bayan abin da ya faru a Gambiya hawa biyu ce: a tace da TLC a wuraren da babu manyan na'urori, a tabbatar da GC.

Ga wanda ke shirin sayen na'ura, shugaban sashe ko mai ƙaramin kamfani, lissafin ya wuce farashin da ke kan takarda. HPLC mai tafiyar mililita ɗaya a minti tana shan kusan rabin lita a yinin aiki na awa takwas, kuma ba kowane ruwa take sha ba: sai mai daraja ta musamman, an tace shi ta matacin maikiromita 0.45, an cire masa iska. Ruwan leda ko na burtsatse zai toshe bututun da kuɗinsa ya kai albashin wata. Fitilar cikinta tana da ajali, wajen awa 2,000. GC-MS ta fi ta kishin wuta. Cikin MS fanko ne da famfo ke zuƙe wa iska dare da rana. NEPA ta ɗauke, sai an shafe awanni kafin ya dawo daidai, kuma yawan ɗaukewar na kashe famfon. Tulun hiliyam idan ya ƙare aiki ya tsaya cak. Na ga na'ura sabuwa fil an lulluɓe ta da zane shekara biyu saboda an saye ta ba a sayi inbata da batura da na'urar sanyaya ɗaki ba. A ganina, wurin da ba shi da tsayayyar wuta gara ya zuba kuɗinsa a allunan TLC masu kyau, fitilar UV, ma'aunin nauyi mai lamba huɗu bayan ɗigo da sinadaran asali, ya riƙa aika abin da ya gagara. Idan kuma dole a zaɓi ɗaya, mai harkar magunguna da abinci HPLC ta fi yi masa aiki, mai harkar mai, turare da maganin ƙwari GC. GC mai idon harshen wuta, wato FID, ta fi mai MS sauƙin kuɗi da sauƙin reno, kuma ta wadatar idan ka riga ka san abin da kake aunawa.

Ɗalibin nan mai kwalba fa? Abin da nake gaya masa shi ne ya raba jiƙonsa tukuna: ya girgiza shi da hekzen, sannan etil asitet, sannan butanol, ya sami kaso uku ko huɗu. Ya hau da kowanne kan allo, ya fesa, ya ɗauki hoto da wayarsa a ƙarƙashin fitila kafin launin ya dushe. Kason hekzen, mai maiƙo da ƙamshi, shi ne ya cancanci kuɗin GC-MS, a cikin kwalbar gilas, ba roba ba. Kason etil asitet da na butanol na HPLC ne, idan akwai sinadarin asali. Idan kuma yana mafarkin gano sabon sinadari ne, to babu ɗaya cikin ukun da zai ba shi wannan shi kaɗai: sai ya zauna gaban kwalam har ya tara 'yan miligiram tsantsa masu ɗigo ɗaya tak a haɗin ruwa uku daban-daban, sannan ya nemi inda ake NMR, na'urar da ke bayyana tsarin ginin ƙwayar sinadari.

Na bara da ya bi wannan hanya ya dawo bayan kwana biyu da allo a hannu, ɗigo bakwai a jere, biyu suna walƙiya rawaya. Ya nuna na uku daga ƙasa ya ce, "Malam, wannan nake so in sani." Na ce masa ya je ya auno silika giram sittin.